Ƙin baƙo da kora da hali: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

Assalamu alaikum jama'a. Maganar baƙo da mai masauki ba ta ƙarewa a garin nan, a fada wajen shayi ana yin ta, gidan suna ana yin ta, gurup ɗin dangi na WhatsApp kuwa ba a magana, wannan ya ce an wulaƙanta shi gidan wane, waccan ta ce baƙi sun hana ta sakat a gidan mijinta. Shi ne na tattaro tambayoyin da suka fi yawo na amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Wai in an ce mutum ba ya son baƙi me ake nufi takamaimai?

Ana nufin mutumin da zuwanka gidansa ke zame masa kaya, kuma sai ya tabbatar ka gane hakan. Ba lalle ya ce maka fita ba, kai da wuya ma ka ji Bahaushe ya buɗe baki ya ce wa baƙo fita, kunya ba za ta bar shi ba. Abin da yake yi shi ne ya janye duk ɗan abin da aka saba yi wa wanda ya zo: amsa sallama da sakin fuska, shimfiɗa tabarma, ruwan sha tun kafin a ji abin da ke tafe da kai, gaisuwa mai tsawo har a tambayi gajiya da hanya da mutan gida, tayin abinci, sai rakiya in za ka tafi. In an cire waɗannan da gangan alhali da halin yi, to shi ke nan an ƙi baƙo. Wasu na haɗa shi da rowa amma ba hanyarsu ɗaya ba, akwai marowaci mai fara'a da zai cika ka da hira har la'asar ko goro bai ɓara maka ba, akwai kuma mai sakin hannu da zai aiko maka kwano shaƙe da nama ta hannun yaro, shi ko leƙowa zaure ba zai yi ba. Ni dai a wurina na biyun ya fi ciwo.

Yaya zan gane ana yi min kora da hali?

Ai ba ya ɓoyuwa ɗan'uwa. Ka yi sallama a ƙofa kana jin motsin mutane da ƙarar tele amma sai ka yi ta uku sannan a turo yaro ya ce wai wane ne. Ka shiga, mai gida na kishingiɗe a salon yana latsa waya, ya miƙo maka hannu ido na kan waya, "lafiya lau" ɗaya ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba a ce ya hanya ba, ba a ce ya su Inna ba. Can sai ka ji an daka wa yaro tsawa a tsakar gida kan abin da bai kai ya kawo ba, ana buga kwanoni, ana shara ta inda ka ajiye takalmi, ƙamshin miya na tashi amma an ƙi saukewa ana jira ka tashi. Sai kuma tambayar nan mai zafi wadda ake yi cikin murmushi, "yau za ka koma ko sai gobe?" tun ba ka ajiye jaka ba. Da ka ce to ni zan wuce sai fuska ta washe nan take, a ce ah tun yanzu, amma ba wanda ya motsa daga inda yake zaune.

Sai dai a yi hattara, rana ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci. Wataƙila ka faɗo ana tsakiyar rigimar cikin gida ne, ko mai gidan ya kwana da zazzaɓi, ko mai bin sa bashi bai jima da fita ba. In ka je sau da yawa kullum haka, kuma ka ga wani mai mota ya zo an yi ta rawar jiki, to ka samu amsarka.

Ni talaka ne, wata rana ko tiya ɗaya ta hatsi babu a gidana, in baƙo ya zo ban ba shi komai ba na shiga cikinsu?

A'a Malam, ko kusa. Tun kaka da kakanni aka raba wannan gardama da aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ruwan randa mai sanyi a moɗa mai tsabta, inuwa, da zama ka fuskance shi ka saurari abin da ya kawo shi, wallahi akwai gidajen masu hali da yawa da ba a samun wannan. Kuma faɗin gaskiya ba abin kunya ba ne, ka ce masa ka ganmu yau sai haƙuri gidan ba a ɗora ba, mai hankali zai gane, wani ma ya sa hannu aljihu a yi cefane tare a ci. Abin da ke ɓata lamarin shi ne kunyar babu ta sa ka ɗaure fuska ko ka ɓuya ka ce a ce ba ka nan, shi baƙon bai san cikinka ba, abin da zai tafi da shi kawai an guje shi.

Abin da ban yarda da shi ba kuma shi ne cin bashi don baƙo. Mutum ya je ya karɓo jika biyar wajen mai shago a yanka kaza a sayo lemo don kar a raina shi, baƙo ya tafi a bar iyali da gaya har ƙarshen wata. Wannan ba karamci ba ne, neman suna ne.

Me addini ya ce a kai?

Ya ce da yawa. Hadisin da kowane ɗan makarantar allo ya taɓa ji, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira to ya girmama baƙonsa. Ka ga an ɗaura abin da imani ke nan, ba a bar shi a al'ada kawai ba. A Alƙur'ani kuma dubi Annabi Ibrahim (AS) a suratu Zariyat daga aya ta 24 zuwa 27, baƙi suka shigo bai san su ba, ya amsa sallama, ya zame wajen iyalinsa ya zo da ɗan maraƙi mai ƙiba, ya matsar musu da shi kusa sannan ya ce ba za ku ci ba? Malamai kan tsaya kan wannan zamewar da ya yi, bai tsaya tambayarsu ko kuna jin yunwa ba, don in ka tambayi baƙo haka kunya za ta sa ya ce alhamdulillahi a ƙoshe nake ko da tun safe bai karya ba. Mu nan mun san wannan sarai, kuma masu kora da hali sun fi kowa sani, shi ya sa suke tambayar.

Ɗaya ɓangaren kuma yana suratul Kahfi aya ta 77, wadda muke karantawa duk Juma'a, Annabi Musa (AS) da Halliru suka isa wani gari suka nemi abinci mutanen garin suka ƙi saukar da su. Ba a faɗi sunan garin ba, abin da aka sani game da su har gobe shi ne sun ƙi baƙo. Sai labarin mutumin Madina da ya kai baƙon Manzon Allah gida alhali abincin yara kaɗai ya rage, aka lallashi yaran suka yi barci, aka kashe fitila, shi da matarsa suka riƙa yi kamar suna ci har baƙon ya ƙoshi, malaman tafsiri na kawo shi a ƙarƙashin aya ta 9 ta suratul Hashri.

To baƙon da ya zo ya ƙi tafiya fa? Sati uku ke nan ƙanen mai gidana na kwance a salon.

Hajiya ki sha kuruminki, addinin da ya ce a girmama baƙo shi ne kuma ya sa masa iyaka. Hadisi ya nuna kwana ɗaya da yini na farko shi ne na gata na musamman, liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne. Saboda haka bayan kwana uku in kin daina yi masa girki daban kin zuba masa abin da kowa ke ci ba ki yi laifi ba, ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa yana ɗaukar bido ya nemo ruwa, yana raka yara lakwal, yana kashe fanka in zai fita. Amma maganar yaushe zai tafi ba bakinki ba ce, ta yayansa ce, ki samu mai gidan cikin daɗin rai ku yi ta a ɗaki. In kika ɗauki hanyar buga kwanoni da habaici ke za a ba rashin gaskiya a dangi ko da ke ce mai ita, kuma kin san in labari ya isa ƙauye wajen uwar miji ba ya isa yadda ya tashi.

In wani ya zo lokacin da ba zan iya ganinsa ba na ce ya dawo an jima, ƙin baƙo ne?

Ba shi ba ne. Suratun Nur aya ta 27 da 28 ta ce kar a shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama, kuma in an ce ku koma to ku koma, shi ya fi muku tsarki. Hadisi ya ce neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. Mu ne dai muka mayar da abin gaba. Ni na fi ganin girman wanda ya fito ya ce min don Allah ina da uzuri dawo bayan magariba, a kan wanda zai sa ɗansa ya yi ƙarya ya ce baba ya ce ba ya nan.

Lokacin bazara ruwa na wahala a Zinder, wato Damagaram, baƙi huɗu sun sauka kowa na son wanka safe da yamma, in na yi magana an ce ba na son mutane.

Wannan tambayar duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a garin nan ya san ba wasa ba ce. Garin kan dutse yake zaune, matsalar ruwa ta girmi yawancinmu, famfo ya yi kwanaki bai zo ba, in ya zo sai tsakar dare mata su tashi tara, 'yan garuwa su yi tsada kuma sai ka bi su da lallashi. Wanda ya zo daga inda ruwa ke zuba ba ya ganewa, zai shiga da bokiti biyu ya fito yana waƙa. Gaya masa halin da ake ciki ba rashin karamci ba ne, yadda za a faɗa ne abin lura. "Ka ga garin namu sai haƙuri, ga bokitinka na ajiye maka" daban take da a kulle bido a ɗaki a sa makulli a ɗankwali. Ruwan sha da na alwala dai ba a yi wa baƙo ƙididdigarsu ko ana wane hali.

Me ya sa kullum matar gida ake zargi?

Saboda ita ce a madafa, ita ake gani. Amma a yi adalci, sau da yawa mai gida ne zai kwaso abokai biyar bayan sallar Juma'a bai sanar ba bai kuma ƙara ko dala kan kuɗin cefane ba, ya zauna zaure yana baza babbar riga ana ce masa mai karamci, ita kuwa tana ciki tana ƙara wa miya ruwa tana rage rabon 'ya'yanta. In ta fito fuska ba walwala a ce matar wane ba ta son baƙi. Akwai mata masu wannan hali ba musu, musamman in dangin miji ne suka zo, nata dangin kuwa har da kaza, amma kafin a yanke mata a tambayi abin da aka ba ta da safe.

Yaron ƙauye da aka kawo min ya yi karatu, ko mai jinya da ya zo asibiti, su ma baƙi ne?

Su ne ma baƙin da aka fi jarraba mu da su yanzu. Zinder ce babban gari a yankin, daga Mirya, Matamai, Magarya, Tanut, Gure duk nan ake zuwa babban asibiti, nan ake zuwa lise, ga jami'a tun 2010, kuma yawancin masu zuwa ba su da kuɗin otal ko haya, gidan ɗan'uwa ko ɗan garinsu suke nema. Mai jinya uzurinsa a fili yake, yini yake asibiti, wurin kwana da ɗan abin da za a kai wa mara lafiya yake so, wanda ya ɗaure wa irin wannan fuska gaskiya sai ya binciki zuciyarsa. Ɗan makaranta kuwa amana ce ta shekaru, gara tun farko ka ce ba za ka iya ba a nema masa wani wuri, da ka karɓa don kunyar iyayensa sannan ya zama shi ne mai wanki, mai ɗebo ruwa, mai cin ƙanzo, 'ya'yanka na bita shi yana talla. Yaran nan ba sa mantuwa, da yawa cikin manyan ma'aikatan da kuke gani a gidan wani suka yi karatu, kuma kowannensu zai iya gaya maka wace ce ta riƙa ajiye masa tuwo in ya yi dare, wace ce kuma ta riƙa kife tukunya.

Zamanin nan na rashin tsaro, mutumin da ban sani ba ya yi sallama da dare ya ce in ba shi wurin kwana, dole ne?

Ba dole ka shigar da shi cikin iyalinka ba. Tun da can ma ba a kai baƙon namiji cikin gida, amfanin zaure ke nan, kuma wanda ba a san shi ba wajen mai unguwa ko liman ake kai shi a san da zamansa. Ka ba shi ruwa, in da abinci ka ba shi, ka tambaye shi daga ina zuwa ina cikin mutunci, ka raka shi wajen mai unguwa ko masallaci tare da maƙwabci. Ka yi taka-tsantsan kuma ba ka wulaƙanta shi ba. Matsalar gidajen yanzu ba zaure, get ne na ƙarfe da dogon bango, daga titi sai salon, shi ya sa mutane ke ganin ko dai ka shigar da mutum har ciki ko ka rufe ƙofa, alhali akwai tsakiya.

Ku Damagarawa da ke wannan magana, ba a garinku aka kashe Bature baƙo ba?

An yi haka, a watan Mayu na 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa. Amma a duba wane irin baƙo ne, hafsan soja ne da ya zo da 'yan bindiga yana kan hanyar tafkin Chadi, fadar sarki kuma na zargin zai je ya haɗa kai da Rabe wanda ya riga ya ci Barno a 1893. Shekara ɗaya bayan haka, 1899, sojan Faransa suka zo aka yi yaƙin Tirmini suka kama garin, har ya zama babban birnin mulkinsu kafin a mayar Yamai a 1926. Wannan maganar sarauta da yaƙi ce, ba ta mai sallama a ƙofar gida ba. Kafin shi ai wasu Turawan sun sauka, Richardson ɗan Ingila a farkon 1851, Barth Bajamushe a ƙarshen 1852 ya yi kusan wata guda, duk suka fita garin lafiya.

Kuma in tarihi za a bi, garin nan da baƙi ya yi ƙiba. Gidan sarautar kansa tushensa Barno. Birni na cikin ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, Zango kuwa a waje, nan ayarin Abzinawa da fataken Gadamus da Tarabulus ke sauke raƙuma, masu masauki su ba su ɗaki, su ajiye musu kaya, su nemo musu masu saye, su tsaya musu in an yi rikici. Saukar baƙi sana'a ce da ta yi gidaje masu suna, je ka dubi tsofaffin gidajen Zango masu zanen bango ka gani. Shi ya sa in na ji wani na cewa wane ai ba ɗan gari ba ne dariya take ba ni, a bi kakansa na uku a ga ta wace ƙofa ya shigo.

Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Doso, ba ya jin Hausa sosai, ya ce mutanen unguwa ba sa kula shi. Wannan ma ƙin baƙo ne?

Shi ne, na unguwa ke nan ba na gida ɗaya ba. A ƙara masa kuɗin haya don an ji harshensa, a kasuwar Dole a faɗa masa farashi daban, ya yi sallama a fada a amsa ciki-ciki a ci gaba da hira ba a matsa masa a benci ba, matarsa ta haihu ba wadda ta leƙa barka. Ba wanda ya zage shi amma an nuna masa. Shi ma dai da nasa, in ya shiga gida ya rufe get, ba masallacin unguwa ba jana'iza ba gaisuwa, to zumunci a ƙafa yake. Amma mai gari shi ke fara miƙa hannu, kwanon abinci ɗaya ranar da suka tare ya isa ya buɗe hanya.

Dole ne in kira a waya kafin in je gidan mutum?

Gidan iyaye da 'yan'uwa na jini ba a neman izinin zuwa. Amma in da kwana a ciki, ko kuna da yawa, ko daga wani gari za ka taso, sa kuredi ka kira, ka taimaki matar gidan.

An yi min kora da hali a gidan ɗan'uwana, in daina zuwa?

Kar ka yanke, rage dai. Je ka gaishe shi a tsaye ko a ƙofar gida, lokacin da ba na cin abinci ba, minti kaɗan ka wuce, suna da rasuwa da barka da salla kuma kar a rasa ka. Don Allah ban da hawa status ana habaici, "wasu dai in sun samu duniya", kowa a dangi ya san da wa kake kuma gyaran sai ya fi wuya. In abin ya ci gaba samu babba, kawu ko gwaggo, su bincika a hankali, sau da yawa za ka tarar wata tsohuwar maganar gadon gona ce ko bashin da ba a biya ba tun bikin wance, ko wata magana da aka kai masa aka ce kai ka faɗa.